Shin mai imani zai iya cewa yana shakkar samuwar Allah?

Tambaya: Malam, ina salla, ina azumi, ban taɓa wasa da ko ɗaya ba. Amma kusan shekara biyu ke nan wani tunani yana faɗo mini, wani lokaci ma ina cikin sujada: anya kuwa akwai Allah? Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kullum da dare sai na yi ta maimaita kalmar shahada kafin in kwanta, don tsoron kada in mutu kafiri. Shin mai imani zai iya buɗe baki ya ce yana shakka, ko da zarar ya furta shi ke nan ya fita? Kuma mabiya wasu addinan su ma suna fama da irin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka zuciya. Zai iya, kuma waɗanda suka fi ni suka fi ka sun buɗe bakin sun faɗa, ba a kore su ba. Sai dai in na ba ka amsar tsurarta haka na cuce ka, domin abubuwa daban-daban ne muke zubawa a buhu ɗaya mu kira su shakka, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Mu fara da abin da ya faru a gaban Manzon Allah (SAW) kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu Sahabbai sun zo suka ce masa suna jin wani abu a zukatansu wanda kowannensu yake ganin ya fi ƙarfin ya furta shi. Ya ce, "Ashe kun ji shi?" Suka ce e. Ya ce, "Wannan shi ne tsantsar imani." A wajen Abu Dawud kuma wani mutum ne ya ce abin da ke ransa, gara ya ƙone ya zama gawayi da ya faɗe shi. Annabi ya yi kabbara, ya gode wa Allah da ya mayar da makircin Shaiɗan ya tsaya a wasiwasi. Ka lura da abin da bai yi ba. Bai murtuke fuska ba, bai ce su sake shahada ba, bai ce aurensu ya mutu ba, bai hana su shiga sahu ba. Malamai irin su Nawawi sun bayyana cewa ba wasiwasin ne tsantsar imani ba, firgitar da zuciya take yi da shi ce tsantsar imanin. Wanda gidansa kango ne ba ya kwana da fargabar ɓarawo.

Labarin da na fi so a wannan babi shi ne na Abu Zumail, wani tabi'i, shi ma a cikin Abu Dawud. Ya je wajen Ibn Abbas ya ce, "Mene ne wannan abu da nake ji a ƙirjina?" Ibn Abbas ya ce, "Mene ne shi?" Ya ce, "Wallahi ba zan faɗa ba." Sai Ibn Abbas ya ce, "Wani abu ne na shakka?" Ya yi dariya, sannan ya ce ba wanda ya tsira daga wannan. Ya ce masa idan ya ji abin ya taso, ya karanta ayar Suratul Hadid: Shi ne Na Farko, Na Ƙarshe, Bayyananne, Ɓoyayye, kuma Masani ne ga kowane abu. Ka ga, malamin ne ya riga almajirin furta kalmar da yake tsoro, ya sauke masa ita daga kai. Dariyar nan ba ta raini ba ce. Dariyar likita ce da majinyaci ya zo masa yana rawar jiki da ciwon da ya gani sau dubu.

To, ga inda mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Akwai hadisin Buhari da Muslim da ke cewa Shaiɗan yana zuwa wa mutum ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka. Idan ya kai nan, mutum ya nemi tsari ya dakata. Wasu sun ɗauki wannan hadisi sun mayar da shi makulli, duk wanda ya zo da tambaya sai su ce ya yi ta'awwuzi ya yi shiru. Imam Maziri, malamin Malikiyya da ya rasu a 1141 miladiyya, ya warware wannan tun tuni, kuma Nawawi ya kawo maganarsa a sharhin Muslim. Ya ce tunanin da ke faɗo wa zuciya iri biyu ne. Akwai wanda bai zauna ba, kuma ba wata shubuha ce ta jawo shi ba. Wannan shi ake korewa da kau da kai, kuma shi hadisin yake nufi. Akwai kuma wanda ya zauna daram, wanda wata shubuha ce ta haife shi. Wannan, in ji shi, ba ya tafiya sai da hujja da nazari. Ashe ke nan mai nau'i na biyu dole ne ya yi magana, domin ba yadda za a yi a amsa tambayar da ba a ji ba. Wanda ya ce da shi "ka yi shiru kawai" ya ba shi maganin wata cutar ce daban.

Wani zai ce, ai hadisi ya ce Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka saƙa matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, to furtawar fa? Furtawar da ake nufi ita ce mutum ya faɗi abin yana mai ɗaukarsa matsayinsa, yana kira zuwa gare shi. In da kai kuka wajen mai ilimi yana cikin abin da aka hana, da Sahabban da suka zo wa Annabi su ne farkon masu laifi.

Yanzu kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji, wanda ba zan ɓoye maka ba. Akwai shakka ta uku, wadda malaman usulu suke nufi idan sun ce shakka: ɓangarori biyu su yi kunnen doki a zuciya, akwai da babu, mutum kuma ya shimfiɗa tabarmarsa a nan ya zauna, ya ce wannan shi ne matsayina. A kan wannan nassi bai yi sassauci ba. Suratul Hujurat aya ta 15 ta siffanta muminai da cewa su ne waɗanda suka yi imani da Allah da Manzonsa sannan ba su yi kokwanto ba. Hadisin Muslim ya ɗaura shiga Aljanna da shahada biyu a kan mutum ya gamu da Allah ba yana shakkarsu ba. Masu cewa "shakka ai wani yanki ne na imani" ba tare da rarrabewa ba, suna faɗin abin da ke da daɗin kunne ne, amma malaman aƙida na da ba su faɗi haka ba. A ganina cin amanar mai tambaya ne a rufe masa wannan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsakanin yaƙinin da ba ya motsi da wannan shakka zaunanniya akwai fili mai faɗi ƙwarai, kuma a cikin filin nan mafi yawan masu imani suke rayuwa. Ba ni na fara faɗa ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, kuma ba wanda zai zarge shi da sakaci a aƙida, ya rubuta a littafinsa na imani cewa galibin mutanen da aka haifa a Musulunci suna da imani ne a dunƙule, haƙiƙarsa tana shiga zuciyarsu kaɗan-kaɗan, da yawansu ba su kai ga yaƙini ba, kuma da za a jefa musu shakka da sun yi shakka. Duk da haka bai kira su kafirai ko munafukai ba. Alƙur'ani ma ya ambaci matakan yaƙini har uku: ilmul yaƙin, ainul yaƙin, haƙƙul yaƙin. Abin da yake da matakai kuwa, dole wani yana sama wani yana ƙasa. Hanzala, ɗaya daga marubutan Annabi, ya fito yana cewa "Hanzala ya yi munafunci," don kawai abin da yake ji a majalisin Annabi yana dusashewa idan ya koma cikin iyali da sana'a. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Amsar da suka samu ita ce, wani lokaci haka, wani lokaci haka. Ranar yaƙin Ahzab, shekara ta 5 bayan hijira, Alƙur'ani da kansa ya ce zukata sun kai maƙogwaro, kuna ta zace-zace game da Allah, aka girgiza muminai girgiza mai tsanani. Ya kira su muminai a cikin ayar da ya ba da labarin girgizarsu.

Har malamai sun yi doguwar jayayya kan ko mutum zai iya cewa "ni mumini ne in Allah ya so." Mutanen Abu Hanifa suka hana, suka ce akwai warin shakka a ciki. Ahmad bin Hambal da wasu suka halatta, suka ce mai faɗin haka ba asalin imaninsa yake shakka ba, cikarsa da yadda zai ƙare ne bai sani ba. Na kawo wannan ne don ka ga cewa tambayar nawa ne na tabbas a cikin imani ba baƙuwa ba ce a zauren malamai.

Sai maganar Annabi Ibrahim (AS), wadda ba a iya tsallake ta. A Baƙara aya ta 260 ya ce, "Ya Ubangiji, nuna mini yadda kake raya matattu." Aka ce, "Ba ka yi imani ba ne?" Ya ce, "Na yi, sai dai don zuciyata ta natsu." Annabi (SAW) kuma ya ce, a Buhari da Muslim, "Mu ne muka fi cancantar shakka a kan Ibrahim." Malaman tafsiri sun rabu. Ɗabari ya karkata ga cewa wani abu ne ya gitta a zuciyar Ibrahim irin wanda ke gitta wa mutane. Ibn Aɗiyya da Ƙurɗubi suka yi masa raddi, suka ce Ibrahim bai tambayi ko za a raya matattu ba, yadda ake rayawa ya tambaya, kuma ma'anar hadisin ita ce tunda mu ba mu yi shakka ba, Ibrahim ya fi mu nisa da ita. Ni na fi natsuwa da fassara ta biyu game da Ibrahim, gani ya kori ji ne kawai yake nema. Amma ko a kan wannan fassarar, ka duba abin da ya rage a hannunmu: imani abu ne, natsuwar zuciya wani abu ne, mutum yana iya samun na farko yana neman na biyu, kuma da ya nema ba a tsawata masa ba, tsuntsaye huɗu aka ce ya kamo. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ba ayar da ta fi ba shi fata a Alƙur'ani kamar wannan.

Imam Gazali shi ne wanda ya fi kowa fitowa fili ya rubuta nasa da hannunsa. An haife shi a 1058, ya hau kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai ɗari uku suna zama a gabansa. A littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal ya ba da labarin yadda ya taɓa zama yana tuhumar idonsa: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro kamar girman dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Da ya juya ga hukuncin hankali kuma, sai ya ce to wa ya tabbatar mini hankalin ma ba kamar mafarki yake ba, wanda mai barci yake gaskatawa har sai ya farka? Ya yi kusan wata biyu a haka, a zuci ba a baki ba, har ya warke, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. A 1095 kuma wani rikicin ya same shi, harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, ya bar kujerar ya fice daga Bagadaza. Don adalci, Gazali bai ce ya yi shakkar samuwar Allah da suna ba, a karo na biyun ma ya faɗa ƙarara cewa imaninsa da Allah da annabci da Ranar Lahira yana nan daram. Amma mutumin da ya kai ga tambayar ko goma ta fi uku yawa, ya taɓa ƙasan da komai yake tsaye a kai. Ya rubuta wannan, aka karanta, kuma har yau Hujjatul Islam ake kiransa.

Game da sauran addinai, e, suna fama, kuma abin mamaki shi ne kusan a wuri ɗaya suka ja layi. A Linjilar Markus sura ta 9, uban wani yaro marar lafiya ya ce da Yesu, "Na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata." Toma, ɗaya daga almajiran Yesu goma sha biyu, da aka ce masa Yesu ya tashi daga matattu, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Wasiƙar Yahuza ta ce a ji tausayin masu shakka, wasiƙar Yaƙub kuma ta kamanta mai shakka da raƙumin ruwa da iska ke kaɗawa. Ka ga su ma suna da mai laushi da mai kaushi. Zabura ta 88, wadda Yahudawa da Kiristoci suke karantawa a ibada, kuka ce tun daga farko har ƙarshe, a duhu ta ƙare, ko da yake irin wannan kuka ya fi zama a kan shirun Allah, ba a kan samuwarsa ba. Littafin koyarwar cocin Katolika na 1992 ya raba shakkar da mutum ya zaɓa da kansa da wadda ta faɗo masa ba da sonsa ba, ta farkon ya ɗauka laifi. John Henry Newman, wani malamin Katolika ɗan Ingila, ya rubuta a 1864 cewa wahalhalu dubu goma ba sa haɗuwa su zama shakka ɗaya, kusan abin da malamanmu suke faɗa ke nan kan bambancin mushkila da kokwanto.

Uwa Teresa ta Kalkata, 'yar Katolikan nan da ta yi suna wajen hidimar talakawa a Indiya, ta rasu a 1997. Bayan shekara goma aka buga wasiƙun da ta riƙa rubuta wa limaman da take kai wa kukanta, sai duniya ta ga cewa ta yi kusan shekara hamsin tana jin wurin Allah a ranta wayam, tana addu'a ba ta jin komai, kuma ba ta fasa ba. Cocinta ta san da wasiƙun, amma ta sanya ta cikin waliyyai a 2016. A 2014 Justin Welby, lokacin yana shugaban cocin Ingila, ya faɗa a bainar jama'a a Bristol cewa akwai lokutan da yake tambayar kansa ko akwai Allah. Joseph Ratzinger, wanda ya zama Paparoma a 2005, ya rubuta tun 1968 cewa mai imani ba ya tsira daga "wataƙila ba gaskiya ba ne," marar imani shi ma ba ya tsira daga "wataƙila gaskiya ne." Wannan na ƙarshen ba zance ba ne kawai. Richard Dawkins, wanda ya yi suna wajen musun Allah, da ya tsara ma'auni daga 1 (tabbacin akwai Allah) zuwa 7 (tabbacin babu), a kan 6 ya ajiye kansa, ba 7 ba.

Alƙaluma ma sun nuna haka inda mutane suke iya amsawa ba tsoro. A binciken da Pew, wata cibiyar jin ra'ayin jama'a, ta yi a 2014 a Amurka, kashi 89 cikin 100 sun ce sun yarda akwai Allah, amma kashi 63 ne suka ce suna da cikakken tabbaci. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da imani, kuma ya yarda da bakinsa cewa bai kai ga sakankancewa ba.

To in nassi ya buɗe ƙofa haka, me ya sa ka yi shekara biyu kana haɗiye abin kai kaɗai? A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, ba a littafi ba, a wajen masu sauraro. Mutum yana tsoron uwa ta yi kuka, mata ta nemi saki, abokai su janye jiki, a yi masa lakabin da ba ya gogewa. A wasu ƙasashen ma har da doka: cibiyar Pew ta ƙirga cewa a 2019 ƙasashe da yankuna 79 cikin 198 suna da doka ko tsarin hukunta ɓatanci ga addini, 22 kuma suna da ta ridda. Kai kuka ga malami ba ɓatanci ba ne ba kuma ridda ba, amma mai tsoro ba ya tsayawa tantance wannan, shiru kawai yake yi. Wani ɗalibina ya taɓa gaya mini cewa yana ɗan shekara goma sha biyar ya tambayi wani malami me ya sa Allah yake barin jarirai su sha wahala. Malamin ya daka masa tsawa a gaban jama'a ya ce ya tuba. Bai sake tambayar wani malami komai ba sai bayan shekara bakwai, a tsakanin nan kuwa intanet ce ta riƙa amsa masa. Tsawar ba ta kashe tambayar ba, ta dai koya masa inda ba zai sake kai ta ba. Wannan ba na Musulmi kaɗai ba ne. A 2010 Daniel Dennett da Linda LaScola sun wallafa hirarsu da fastoci biyar a Amurka waɗanda imaninsu ya tafi amma suna kan mumbari suna wa'azi, ikilisiyarsu ba ta sani ba.

Su kuma masu tsawar, da za su waiwaya, da sun ga cewa ilimin kalam, wato kare aƙida da hujjojin hankali, gaba ɗayansa amsar irin waɗannan tambayoyi ne. Hujjar Ibn Sina ta wajibin samuwa, hujjar Ibn Rushd ta kulawa da ƙagawa, duk ba a gina su don a burge kowa ba, an gina su ne don akwai masu tambaya. Ana ba da labarin wata tsohuwa da aka ce mata ga babban malami Fakhruddin Razi nan, yana da hujja dubu a kan samuwar Allah, ta ce da ba shi da shakka dubu da bai buƙaci hujja dubu ba. Ana kawo labarin ne don a yabi tsohuwar, ni ma ina yabonta. Amma wanda shakka ta riga ta shiga ba zai iya komawa ya zama tsohuwar nan da ƙarfin tsiya ba. Shi Razi yake buƙata.

Yanzu kai ne za ka duba naka wane iri ne. Idan akwai wani abu takamaimai da ya tayar da shi, rasuwar wani da kake so, addu'ar da ka daɗe kana yi ba ka ga amsa ba, wani abu da ka karanta kan asalin halitta, ko mugun halin wani da kake ganin girmansa a addini, to wannan na Maziri ne na biyu. Ka kira tambayar da sunanta, ka kai ta wajen wanda ya san fannin. Ba kowane mai wa'azi ne ya san shi ba, kamar yadda ba kowane likita ne yake fiɗa ba. Mutum ɗaya mai ilimi da riƙon amana ya ishe ka, ba sai ka shelanta a Facebook ba, inda masu zagi da masu zuga ne za su fi yawa, ba wanda ya damu da kai a cikinsu. Kuma kada ka mayar da zuciyarka soso mai tsotse duk shubuhar da ta zo. Ibn Taimiyya ya shawarci almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya mayar da ita kamar gilashi, ta ga abin da ke wucewa ba tare da ya zauna a cikinta ba. Ba zan yi maka alkawarin cewa kowace tambaya tana da amsar da za ta rufe baki ba. Matsalar wahalar marasa laifi, alal misali, masana na kowane addini sun yi ƙarnoni suna juya ta, kuma masu gaskiyarsu suna yarda akwai wurin da bayani yake ƙarewa sai miƙa wuya. Akwai masu bincike da suka fita, akwai waɗanda suka dawo da imanin da ya fi na da ƙarfi. Ummu Salama ta ce addu'ar da Annabi ya fi yawaitawa ita ce, "Ya Mai jujjuya zukata, ka tabbatar da zuciyata a kan addininka." Da zukata ba sa juyawa, da ba a koya mana wannan addu'a ba.

Amma yadda ka siffanta naka, yana faɗowa ba dalili, yana zaɓar lokacin sujada, kana ƙinsa, kana maimaita shahada don ka kashe shi, ya fi kama da nau'in farko, kuma wataƙila ma ya fara zama ciwo. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta da suke kira OCD a taƙaice, inda tunanin da mutum ya fi ƙi yake nace masa, shi kuma ya riƙa maimaita wani aiki don ya samu sauƙi. Ga mai addini takan kama shi ta alwala, ko niyya, ko aƙida. Abu Zaid Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya siffanta ta a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai, ya kuma ba da shawarar guje wa kaɗaici da zaman banza. A 1987 Daniel Wegner, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya gwada wani abu mai sauƙi: ya ce da mutane kada su yi tunanin farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, sai ga shi tunanin ya ƙi barinsu, da aka sake su kuma ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a hana ba. Duk sanda ka yi kokawa da tunanin, kana gaya wa ƙwaƙwalwarka cewa abu ne mai haɗari da ya kamata ta riƙa leƙawa. Idan abin yana cin sa'o'inka, yana hana ka barci ko aiki, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Ana warkewa, ta hanyar horar da mutum ya bar tunanin ya zo ya wuce ba tare da ya yi abin da ya saba yi don kore shi ba, wani lokaci a haɗa da magani.

Wannan ya kawo ni ga shahadar da kake sabuntawa kowane dare. Faɗin la'ilaha illallahu kafin barci zikiri ne mai kyau, ka ci gaba. Amma faɗinta da niyyar sake shiga Musulunci, wannan ka daina daga yau, domin ba ka fita ba balle ka sake shiga, kuma maimaitawar ita ce abincin wasiwasin. Malaman fiƙihu suna da suna ga wanda shakka ta aure shi a salla, mustankihi. Ibn Abi Zaid ya ce a Risala irin wannan mutum ya yi watsi da shakkar, ba gyaran da ke kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. A kan rafkanuwar salla ya faɗi haka, ba a kan aƙida ba, amma dabarar ɗaya ce. Idan tunanin ya zo maka gobe kana sujada, kada ka yanke sallar, kada ka tsaya yi masa gardama, ka gama tasbihinka ka ɗago.